Bawul ɗin Komin Shanun Nasidi

A shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, tsofaffin kayan injuna sun cika kasuwar Talata Mafara. A nan Nasidi, wani mahauci ɗan Bakura, ya tsinci wani ɗan bawul na buɗe ruwa da rufewa, mai aiki da lantarki. A cikinsa akwai waya a nannaɗe. In wuta ta bi ta, sai ta zama maganaɗisu, ta ja wani ɗan ƙarfe, ruwa ya wuce.

Nasidi yana tsare shanu a bayan gidansa kafin ranar yanka, cika musu komin ruwa kuma ya gundure shi. Sai ya kai bawul ɗin wurin ɗan ƙanwarsa Labaran, mai gyaran rediyo. Labaran ya ɗaura shi a bakin duro, ya haɗa da batirin babur, ya sa makunni mai bin yawan ruwa: in ruwan komi ya yi ƙasa, bawul ya buɗe da kansa.

Ba a yi kwana biyu ba sai ga Nasidi a shago, batir a kafaɗa, bawul a hannu. Bayan sun gaisa har sun tambayi lafiyar shanu, ya ce, "Wanga abu naka ya fi shanun ci. Ga zafi, ko taɓa shi ba a yi."

"Bar mini shi, Kawu," in ji Labaran.

Da yake gwadawa da ragowar wutar batirin, sai ya ga abin mamaki. Wutar ba ta iya buɗe bawul ɗin, amma in ya tura ƙarfen da yatsa, sai ya zauna a buɗe daram. Ya kira kawunsa ya nuna masa.

Nasidi ya yi dariya. "Mi ne abin mamaki? Kayar da sa ka son ƙatti. In ya kai ƙasa, ni kaɗai ina riƙe shi."

Labaran ya zauna da wannan tunani. Wato bawul ɗin yana son wuta mai ƙarfi a farko kawai, daga nan 'yar kaɗan ta ishe shi. Ya ciro rasista daga wata matacciyar rediyo don ta rage wutar, ya jera mata kwandansa a gefe, wadda za ta bar wuta ta kwarara gaba ɗaya a kiftawar ido kafin ta cika ta tsaya.

Gwajin farko bawul ɗin ya yi rawa kawai, bai buɗe ba. Kwandansar ta yi ƙanƙanta. Labaran ya dubi babbar rediyon da matarsa Taiba take sauraro, wadda ta kawo gyaran eriya, yana son ciro kwandansar cikinta.

"Ko da wasa," in ji Taiba, ta rungume abarta.

Dole ya zagaya shagunan abokan sana'a har ya samo babba. Ya liƙa ta da dalma, ya taɓa waya. Ƙarfen ya tashi nan take, ya zauna. Ya ɗora tafin hannunsa a kai ya jira. Har shayinsa ya huce, bawul ɗin bai ɗau zafi ba.

Shi da kawunsa suka hau babur suka kai bawul ɗin Bakura. Kasuwa ta ci, wata ta zagayo, batirin nan bai mutu ba. Mahauta har daga Maradun suna zuwa kallo.

Abin da ba wanda ya zata shi ne shanun. Sun gane cewa ɗan ƙaran "ƙyas" da bawul yake yi shi ne zuwan sabon ruwa. Ranar da Labaran ya kai ziyara, Nasidi ya ce, "Tsaya ka gani." Ya tsaya nesa da komi, ya ƙyasta harshe. Shanun duka suka taso a guje suka kewaye shi, wata jar saniya ta cusa masa hanci a aljihu, har hularsa ta faɗi. Labaran ya yi ta dariya, sai da ya dafa bango.