Shanyar Nama a Dajin Dindir

Abdussalami manomin auduga ne a gonakin ban ruwa na Suki a ƙasar Sudan, kuma tun tasowarsa bai taɓa yin tafiya don kallo kawai ba. Tafiyarsa ta ta'aziyya ce, ko ta suna, ko ta kasuwa. Amma yayan matarsa, Abdulmuttalib, wanda ke aikin gadin namun daji a Dindir, duk zuwan da zai yi gida sai ya cika musu kunne da labarin ɓauna da raƙumin dawa. Yakan ce mutane na tsallako teku su zo su gani, su kuwa ga su a kusa ba su taɓa leƙawa ba. Sabuwa, matar Abdussalami, ita ta yi ta matsawa har ya gaji. A shekarar 1968, da aka gama cirar auduga, ya ce to su shirya.

Suka bar ƙananan yara wurin kakarsu, suka tafi da ɗansu na biyu, Mahmud, saurayi ɗan shekara sha tara, mai ƙirar ƙarfi, marar yawan magana. Jirgin ƙasa ya kai su garin Dindir da kekunansu biyu, lori kuma ya ƙarasa da su sansanin masu gadi, inda Abdulmuttalib ke zaune da abokan aikinsa a bukkoki.

Washegari bayan sallar asuba suka hau kekuna. Abdulmuttalib yana gaba a kan nasa, bindigar aiki rataye a bayansa. Abdussalami ya goyo Sabuwa a kariya, ta tattare tobinta, dogon mayafin matan Sudan, ta riƙe kada ya shiga ƙafar keke. Mahmud yana baya da salkar ruwa da ƙunshin kisra, wato wainar dawa mai fale-fale, da busasshen dabino. Zabi suka riƙa tsallake hanya garke garke. Wani gadu ya fito daga rami da wutsiya a tsaye, ya kusa sa Abdussalami ya kifar da matarsa, ta yi ta dariya har da hawaye. Can suka hango raƙuman dawa suna cin ganyen ƙaya, Abdussalami ya sauke ƙafa ya tsaya yana kallo baki buɗe, ya yi tasbihi, ya ce ashe Abdulmuttalib ba ƙarin gishiri yake yi ba.

Da hantsi ƙasa ta koma baƙar laka mai tsage-tsage, keke ba ya tafiya. Suka jingine kekunan a gindin wata goruba, suka gangara cikin rairayin busasshen kogi suka ci gaba a ƙafa. Abdulmuttalib ya ce akwai wata fadama a gaba, wadda mutanen wurin ke kira maya, inda ruwa ke kwanciya har ƙarshen rani, a can ɓauna ke taruwa.

Ba su kai fadamar ba Mahmud ya nuna ungulaye suna shawagi ƙasa ƙasa. Kawunsa ya ce ƙila zaki ne ya yi kisa, su hau gaɓa a hankali su gani daga nesa. Suka hau, suka kutsa cikin busasshiyar ciyawa da ta fi tsawon mutum. Wari ne ya fara tarbarsu, sa'annan suka faɗo cikin wani fili a ƙarƙashin tsamiya.

An ɗaura igiyoyi daga reshe zuwa reshe, an shanya nama yanka yanka, ja da baƙi, ƙudaje sun rufe shi. A gefe ga raƙumin dawa kwance, an sare masa jijiyoyin ƙafafun baya, an feɗe rabinsa. Ga kawunan ɓauna a jibge. Wuta na ci a murhu, kitse na tafasa a wata babbar tukunya. Raƙuma biyu na durƙushe. Mutum uku ne a wurin: wani dattijo mai gemu yana yankan nama, wani gajere kakkaura a bakin murhu, da wani saurayi da ke ɗaure buhu.

Abdulmuttalib ya miƙa hannu baya yana yi wa iyalin alamar su koma, amma raƙumi ɗaya ya riga ya yi gurnani, dattijon ya ɗago kai. Da ya ga kakin gadi sai ya miƙe, wuƙar tana hannunsa. Abdulmuttalib ya sauko da bindiga ya yi musu magana da Larabci, ya ce kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, akwai mace a tare da shi, ba ya son jini. Dattijon ya amsa da murya mai sanyi, yana takowa, yana cewa su talakawa ne, yunwa ce ta kawo su, a yi haƙuri a zauna a sha shayi. Duk idanu suna kansa. Ba wanda ya ga lokacin da gajeren ya sunkuya ya ɗauki mashi.

Mashin ya shiga cinyar Abdulmuttalib ya ɓullo ta baya. Bindiga ta tashi, harsashi ya tafi cikin rassan tsamiya, ungulaye suka watse. Ya faɗi zaune, yana ƙoƙarin sake ɗana ta, dattijon ya iso ya hamɓare ta da ƙafa, ya ɗaga wuƙa. Abdussalami, wanda bai taɓa faɗa da kowa ba tun yana yaro, ya yi tsalle ya rungume dattijon ta baya. Suka faɗi tare cikin jini da tumbin dabba suna birgima. Dattijon ya fi shi sanin wannan aiki. Ya juyo ya kawo sara, Abdussalami ya tare da hannun hagu, wuƙar ta raba tafin hannun tsakanin yatsu har zuwa wuyan hannu.

Gajeren ya zaro mashi na biyu ya nufo su. Sabuwa ce ta fi kusa da murhu. Ta naɗe hannuwanta da gefen tobi, ta cicciɓi tukunyar kitsen ta watsa masa a fuska da ƙirji. Ihun da ya yi ya sa raƙuman suka zabura suka miƙe. Ya saki mashin ya dafe idanu, yana karo da igiyoyin shanya, nama yana zubo masa a ka. Ita ma tukunyar ta ƙone ta, amma ba ta ji ba sai daga baya.

Saurayin nan mai ɗaurin buhu ya ruga wajen bindigar da ke yashe a ƙasa. Mahmud ma ya ruga. Tare suka dafa ta, ɗaya ya kama baki, ɗaya ya kama gindi, suka yi ta ja suna haki. Saurayin ya gantsara wa Mahmud cizo a damtse har haƙora suka nutse. Mahmud ya sa masa gwiwa a ciki, ya fizge bindigar. Bai san yadda ake harba ta ba. Ya juya ta ya maka wa saurayin gindinta a gefen kai, saurayin ya durƙusa. Ya sake maka masa, ya kife. Ya ci gaba da dukansa yana kwance, sai da ya ji muryar uwarsa tana kiran sunansa tana cewa ya isa, sa'annan ya tsaya.

Da ya juyo da bindigar a hannu, jini har gwiwar hannunsa, dattijon ya saki Abdussalami ya ja da baya. Ya dubi saurayin da ke kwance, ya kira shi da suna sau biyu, bai motsa ba. Sai ya ja gajeren ya ɗora shi a kan raƙumi, ya zari itace mai wuta daga murhu ya cusa cikin ciyawa ta wajen da iska ke tasowa, ya haye ɗaya raƙumin suka ɓace.

Ciyawar rani ba ta jira. Kafin Sabuwa ta gama yage tobinta ta ɗaure wa mijinta hannu, wuta ta yi tsawon bukka tana ruri. Abdulmuttalib ya hana a zare mashin, ya ce in aka zare jininsa zai ƙare a nan. Ya sa Mahmud ya taka sandar ya karya ta kusa da cinya, ya suma don zafi, ya farfaɗo. Ya ce su koma rairayin kogi, can ne kawai wuta ba za ta bi su ba. Mahmud ya saɓe shi a kafaɗa, Sabuwa ta ɗauki bindiga, suka kutsa ciyawa hayaƙi na shaƙe su, suka gangara gaɓa da gudu da faɗuwa.

Sai da Mahmud ya shimfiɗe kawunsa a tsakiyar rairayi ya lura babansa bai sauko ba. Ya koma sama. Ya same shi a filin tsamiya, ya kama ƙafar saurayin nan da hannu ɗaya yana ja, yana faɗuwa, yana tashi. Tartsatsi na zuba a rigarsa.

"Baba, bar shi mu tafi. Da ya sami bindigar nan da duk ya kashe mu."

"Yana numfashi," in ji Abdussalami. "Kama kafaɗunsa."

Mahmud ya tsaya cik. Igiyoyin shanya sun fara tsinkewa, nama na faɗowa cikin wuta yana ƙauri. Uban bai sake dubansa ba, ya ci gaba da ja da hannunsa mai lafiya, ƙyallen ɗaya hannun ya jiƙe sharkaf yana ɗiga.

"In ba za ka kama ba, koma wurin innarka," ya ce. "Ni ba na barin ɗan mutane ya ƙone da ransa."

Mahmud ya ture hannun uban, ya sunkuci saurayin gaba ɗaya. Bai kai nauyin buhun dawa ba. Suka sauko wuta na lasar bayansu, gashin ƙeyar Abdussalami ya babbake.

A cikin rairayi suka kwanta rubda ciki, suka rufe hanci da tufafi. Wuta ta ci gaɓar nan, ta tsallaka ta kan rassa ta kama waccan. Wasu gwankaye suka keto da gudu suka wuce dab da su, wata kwanta-rafi ta faɗo daga gaɓa bayanta na ci da wuta, ta yi ta shure-shure har ta daina. Zafi ya sa fatar fuskarsu ta yi kamar za ta tsage.

Da wutar ta yi gaba, Sabuwa ta kwance salka. Ta ba yayanta, ta ba mijinta, sa'annan ta jiƙa ƙyalle ta goge fuskar saurayin. Gefen kansa ya lotsa, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Da jinin ya fita sai suka ga ko gemu bai fara ba, akwai laya ɗaure a damtsensa da jan zare. Ya buɗe ɗaya idon, leɓunansa suna motsi. Ta ɗiga masa ruwa. Abdussalami ya matso ya yi ta maimaita masa kalmar shahada a kunne. Ko ya karɓa ko bai karɓa ba, ba su iya ganewa ba. Kafin rana ta take tsaka ya cika. Mahmud yana zaune nesa kaɗan, ya juya musu baya, yana goge hannuwansa da rairayi.

Ba su da abin haƙa, kuma Abdulmuttalib ya fara sambatu. Suka juya gawar ta fuskanci alƙibla, suka rufe ta da ragowar tobin Sabuwa, suka danne gefuna da duwatsu saboda ungulaye. Mahmud ya goya kawunsa, suka bi sawunsu na safe. Gorubar da suka bar kekuna a gindinta tana can baya, inda wuta ba ta kai ba. Suka zaunar da Abdulmuttalib a kan sirdi suka ɗaure shi da rawani, Mahmud yana turawa, Sabuwa tana tallafe da shi da hannuwanta da suka yi bororo. Abdussalami yana biye, yana tangaɗi, ya bar sauran kekunan a wurin. Ba su yi nisa sosai ba suka haɗu da abokan aikin Abdulmuttalib, waɗanda hayaƙi ya fito da su.

Lori ya kai su asibiti a Sinja. Aka cire kan mashin, Abdulmuttalib ya rayu, amma ƙafar ta shanye, aikin daji ya ƙare masa, ya dawo Suki ya buɗe teburin shayi a tasha. Hannun Abdussalami an ɗinke shi, yatsu uku ba su sake lanƙwasuwa ba. Masu gadi sun koma sun binne saurayin a gaɓar kogi. Mutanen nan biyu ba a taɓa kama su ba, ba kuma wanda ya zo neman gawa. 'Yan sanda suka tsare Mahmud suka yi masa tambayoyi, suka ji bayanin kawunsa, suka sallame shi.

A Suki labari ya riga su isa. Samari suka yi ta zuwa ƙofar gida suna son Mahmud ya ba su yadda aka yi, wasu har suna masa kirari. Yakan ba su hannu ya shige ciki. Da lokacin shuka ya zo shi ya karɓi aikin hawashar ubansa, gonar audugar da suke riƙe da ita, yana fita tun da sassafe, ba ya dawowa sai ya ga masu hira sun watse.

Wata rana da la'asar suna buɗe ruwa a kwalbatin gona, uban yana riƙe da fartanya a hammata, Mahmud ya tambaye shi ba tare da ya ɗago ba.

"Baba, da na tsaya a bugun farko, da ya rayu?"

Abdussalami ya dubi ruwan da ke bin kunyar gonar.

"Ban sani ba," ya ce. "Ni ma ina tambayar kaina ko da na riga ka isa wurin bindigar. Gobe Juma'a. In mun sauko daga masallaci ka auni dawa ka kai wa maƙwabta sadaka, da niyyarsa."

Mahmud ya ce ai ba su san sunansa ba. Uban ya ce shi ya ji lokacin da dattijon ya kira shi, Audi ne ko wani abu mai kama da haka, kuma Wanda za a roƙa ya san shi. Mahmud ya gyaɗa kai, ya sa ƙafa ya toshe bakin kunyar da ta cika, ya buɗe ta gaba.