Rigar Aikin Auta

Tela ya ɓoye rigar aikin 'yarsa. Tun kafin ta shigo shago ya naɗe ta, ya cusa ta cikin buhun ƙyallaye da ke ƙarƙashin keken ɗinki, ya ɗora ƙafar hagu a kan buhun, ya ci gaba da taka keke da ta dama.

Riga ce marar hannu, mai aljihuna da yawa, an rubuta 'YAR JARIDA a bayanta da manyan baƙaƙe. Shi ya ɗinka ta. Karatunsa bai yi nisa ba, don haka ita ta zana masa baƙaƙen a takarda, shi kuma ya yanka su a farin yadi ya ɗora, yana yi yana mita har ya gama.

Sana'arsa ɗinkin tuta ce, a kanta ya yi furfura. In babban baƙo zai zo daga wata ƙasa, shagonsa ake nufa: manyan tutoci na filin jirgi, ƙananan da ake kafawa a gaban mota, da 'yan mitsi-mitsin da ake raba wa mutane su kaɗa a bakin titi. A 'yan shekarun nan manyan ƙasashe biyu ne suka riƙe masa shago, kowacce tana son nuna ita ce aminiyar ƙasar nan. Bai damu da sunayensu ba. Masu shuɗi da masu rawaya yake ce musu. Yadin masu shuɗi yana kanta ta dama, na masu rawaya yana ta hagu, bai taɓa bari sun haɗu ba, bai kuma taɓa barin tuta ta taɓa ƙasa ba. A buhun ƙyallaye kaɗai suke cakuɗuwa.

Auta ta shigo da jaka a baya, ta gaishe shi, ta miƙa hannu ga ƙusar da take rataye rigar. Wayam.

"Baba, ina rigata? Jiya na bar maka ita ka gyara min aljihu."

"Ni mai gadin riga ne?"

Ta duba bayan ƙofa, ta ɗaga yaduka, ta leƙa ƙarƙashin teburin da take rubutu a kai. Teburin yanka ne a da. Shi ya kwashe mata kayan da ke kai, ya ce wai don kada ta riƙa tsaya masa a hanya.

Auta ba ta da ofis, ba ta da oga. Takan bi labari, ta rubuta, ta aika wa jaridun ƙasashen waje, wadda ta ga dama ta ɗauka. Kullum yana ce mata aikin da ba shi da kujera ba aiki ba ne. Yanzu kuma ta ɗora kanta a kan maganar tashar jiragen ruwa. Masu rawaya sun ce su za su gina ta, masu shuɗi suka ce a'a, su za su gina, har da asibiti. Ta je ta tono cewa kowannensu wurin ajiye jiragen yaƙinsa yake nema, kuma ko wa ya yi nasara, masunta za a tasa daga bakin ruwa. Zuwanta na baya da kumburarriyar kafaɗa ta dawo, idanu jajur da barkonon tsohuwa. Yau masuntan za su sake fitowa, ita kuma motar hantsi za ta hau.

"To, shi ke nan," in ji ta. "Zan tafi haka."

Keken ya tsaya.

"Haka yaya?"

"Haka, ba riga. Amma ka sani, Baba, rigar nan ce ke sa soja ya ɗan yi tunani kafin ya ɗaga kulki. In babu ita, da ni da masu zanga-zanga duk ɗaya ne a wurinsa."

Wannan ne bai hango ba. A tunaninsa in babu riga babu tafiya, kamar yadda shi in babu almakashi babu aiki. Bai saba janye magana ba, balle a gaban 'yar cikinsa.

Auta ta dubi ƙafarsa da ke kan buhu. Tun tana rarrafe a shagon nan ta san da ƙafa biyu yake taka keke.

"Bari in je in yi wa Mama sallama. Zan biyo ta nan."

Fitarta ke nan farar mota ta tsaya a ƙofa. Mai-Oda ne, ma'aikacin ofishin jakadancin masu shuɗi, ɗan ƙasar nan, wanda ke kawo masa aikin tutocinsu. Mutum ne mai ladabi. Ya rusuna ya gaishe shi, ya tambayi gwiwa, ya tambayi Mama, sannan ya ce ministansu zai zo sa hannu a kan maganar tashar, ana son tutoci daga filin jirgi har cikin gari.

"Za a yi," in ji Tela.

Mai-Oda bai tashi ba. Ya gyara zama, ya shafi yadin da ke kusa da shi.

"Baba, akwai 'yar magana. Manya ba su ji daɗin abin da ƙanwata ta rubuta ba. Kuma mun ji yau ma za ta koma."

"To?"

"Wallahi ba barazana na zo yi ba. Ka dai san yanzu akwai masu buga tuta da na'ura, kafin ka sha shayi sun gama. Ni ne kullum nake cewa a bar wa Baba, hannunsa daban ne. Amma in sunanta ya ci gaba da fitowa, bakina zai yi nauyi." Ya sassauta murya. "Sannan akwai gurbi a sashenmu na yaɗa labarai. Ofis ne, da kujera, da na'urar sanyi. Ba kulki, ba hayaƙi. Da yamma ta dawo gida ku ci abinci tare."

Abin da Tela ya daɗe yana roƙa ke nan, ga shi an kawo masa har shago. Ya hango ta tana fita da safe tsaf-tsaf, uwarta ta daina zama da waya a cinya.

"Abin da ta rubuta, ƙarya ne?"

"Baba, ba maganar ƙarya ko gaskiya ake ba. Lokacin ne bai dace ba."

"Da ta rubuta a kan masu rawaya fa?"

Mai-Oda ya yi dariya. "A'a, wannan kam ya yi kyau. Jakada da kansa ya sa aka raba mana mu karanta."

Tela bai yi dariya ba. Auta takan karanta masa abin da ta rubuta kafin ta aika, tana mayar masa da Hausa, shi kuma yana ƙara wa keke gudu don kada ta ce saurare yake. Amma yana ji. Akwai wani tsohon masunci a ciki da ya ce a kan dutsen da ubansa ya gyara taru, nan shi ma yake gyara nasa, kuma babu wanda ya tambaye shi ko wace tuta yake so a kafa a kai. Ranar har allura ta soke shi a yatsa.

Wai ta zauna a gida. Wai ta samu kujera. Maganar da yake faɗa mata ce kullum, ba ƙari ba ragi. Amma da ta fito daga bakin wani, sai ya ji ta da ɗaci.

Auta ta yi sallama ta shigo. Ta ga Mai-Oda, ta gaishe shi sama-sama, ta gane abin da ya kawo shi.

"Baba, na tafi."

"Tsaya."

Ya ɗage ƙafarsa. Ya sunkuya da ƙyar, gwiwa tana ƙara, ya jawo buhun ya zaro rigar. Guntayen shuɗi da rawaya sun manne a jikinta. Ya tsince su ɗaya ɗaya, ya kakkaɓe ta, ya miƙe ya riƙe mata kamar yadda yake riƙe mata rigar makaranta a da.

Ta zura hannu. Aljihun an gyara shi. Ta shafa kafaɗa ta tsaya.

"Baba, me ka sa a nan? Ta yi kauri."

"Ƙyallaye ne. Na ninka su a ciki, daidai inda aka buge ki."

"Na wace tuta?"

"Duka biyun. Su ma su yi wani amfani."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta juya kai tana gyara igiyar jaka. Ya ja mata wuyan rigar ya daidaita, ya ƙara daidaitawa ko da yake babu abin da ya karkace.

"Ki ci abinci a hanya. In kin isa ki kira uwarki. Ni ban son damu."

"To, Baba."

Mai-Oda ya miƙe tsaye. "Baba, don Allah. Maganarka kaɗai take ji. Ka ce ta zauna, za ta zauna."

Gaskiya ya faɗa. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a kan ƙyaure, tana jira. Tela ya dubi kantar dama, shuɗin yadi jibge har sama, wanda bai san kuma ko zai sake sa masa almakashi ba. Ya koma ya zauna, ya ɗora ƙafafunsa biyu a kan keke.

"A'a," in ji shi. "Ba zan hana ta ba."