Tara a Ɗaki Ɗaya

Kaka ta banko ƙofar ofishin shugaban makaranta, tana janye da jikarta 'yar aji uku.

"Ina malamar da ta tona mana asiri?"

Aka kira malamar lissafi. Ta shigo da alli a yatsu, 'yar ficiciya, ko jikar Kaka ta fari ta girme ta.

"Mama, ai ba laifi ta yi ba. Cewa na yi kowane yaro ya ƙago tambayarsa daga abin da yake gani a gida, su daina hadda kamar aku. Tata ta fi ta kowa, shi ya sa na ce ta karanta wa aji."

Kaka ta juya ga jikarta. "Ke, uwar iyayi, maimaita musu."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Mutum tara a ɗaki ɗaya, tabarma uku. Mutum nawa ke kwana a kowace tabarma?"

"Kun ji ko! Ɗan mai gidan da muke haya yana cikin ajin nan. Ya kai wa ubansa, har da amsa. Mu huɗu muka ce masa ranar da muka kama ɗakin. Sauran biyar marayun ɗana ne, ta ƙofar baya suke shiga kamar ɓeraye. Yanzu ya ce ƙarshen wata mu kwashe komatsanmu. Ni ban yi boko ba, amma wanda ya ɗaure shi ke kwancewa. Ku je ku ce masa lissafin ƙarya ne!"

Shugaban ya gyara tabarau. "Mama, makaranta ba ta shiga maganar haya."

"Amma ta shiga ɗakina har ta ƙirga tabarmi!"

"Kaka," in ji yarinyar a hankali, "ai jiya da kika tafi kasuwa mai gidan ya zo ya ƙirga takalma a bakin ƙofa."

Fankar sama tana juyi, iska babu. Ƙarshen wata saura kwana kaɗan, kuma duk unguwar ba mai ba tsohuwa da yara ɗaki.

Yarinyar ta taɓa hannun malamar. "Malama, in ɗakin ya koma sifili fa? Tara a raba wa sifili, nawa ke nan?"

Malamar ta dubi allin hannunta. "Wannan ba shi da amsa."

Kaka ta zame ta zauna a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu, ta tare hanya.

"To, ku nemo. Ina nan."