Hudar Bangon Banɗaki

Banɗakin Karimatu ɗan mitsitsi ne, ko juyawa da ƙyar ake yi, shi ya sa Garga mai gyaran famfo ya samo mata siririn lavabo na wanke hannu da ɗan kabad a Mokolo. Ya kafa injin huda a bango. Ta bayan bangon, jaririn maƙwabciyarta Zaitun yana ta tsala kuka.

Sai ƙarfen injin ya zurma gaba ɗaya. Kukan ya ɗauke cak.

Garga ya zaro ƙarfen, ga shi jajawur, a jiƙe.

"Hajiya," ya ce, "ashe tubalin laka ne aka shafe da siminti. Me ke bayan nan?"

"Gadonsu!"

Karimatu ta fita ba takalmi, ba mayafi, tana salati, ta banka ƙofar Zaitun. Jaririn na kan cinyar uwarsa yana shan nono. Zaitun ko ɗagowa ba ta yi ba. Idonta na kan filon da ta ɗauke jaririn daga kai yanzun nan, inda jar ƙasa mai danshi ta zubo daga hudar, daidai gurbin kansa.