Fakin a Gangare

"Yi fakin a nan," in ji Oga Albert, jami'in da ke gwada masu neman lasin tuƙi.

Selina ta kalli wurin, a shimfiɗe kamar faranti, ta wuce abinta.

Ba taurin kai ba ne. A tsohuwar Fijon Bappa Zadok ta koyi tuƙi, can Vinikilang, motar da rabonta da tashi da makulli tun Selina tana firamare. Kafin ma ya nuna mata birki, Bappa ya koya mata cewa mai hankali ba ya tsayar da mota sai a gangare, hanci ƙasa, dutse a gaban taya. Wanda ya tsaya a fili, shi zai nemo masu turi. Selina ta tura motar nan har kafaɗunta suka buɗe, saboda haka darasin ya zauna.

Yau kuwa motar Hajja ce a hannunta, mai gidan burodi a Bekaji. Hajja na son mace ta riƙa kai mata 'yan mata makaranta, ta ce a kawo shaidar cin gwaji kafin Litinin, in ba haka ba akwai wani a layi. Motar lafiyarta ƙalau, ana murɗa makulli take amsawa. Selina ta sani. Ƙafarta ce ba ta yarda ba.

Shi kuma Oga Albert tun safe yake kaɗa makulli a yatsa. Ya sanar da su a Legas aka horar da shi, kuma tasa motar tun yana ɗaki yake tada ta. Ba wanda ya taɓa ganinta a ofis dai, don ya ce ba ya ajiye ta cikin hayaniyar 'yan keke.

"Madam, ba ki jin Hausa ne? Na ce fakin."

"Ina nema, Oga."

"Kina neman me?"

Ta wuce bakin masallaci, ta wuce inuwar dalbejiya mai kyau, Oga na ta zuba Turanci yana cewa ta faɗi, ta faɗi warwas. A duk unguwar gangare ɗaya ne, layin bayan ofis da ya sauka wajen kogin Binuwai. Tana karya kan mota can Turancin ya ƙare. Ya ce ta juya, hanyar ba kyau. Hanyar kuwa sumul.

A saman gangaren wata tsohuwar mota na tsaye, hanci ƙasa, dutse a gaban taya. Selina ta ji kamar ta ga 'yar uwa. Ta yi fakin a bayanta tsaf, ta ja birkin hannu, ta fito, ta buɗe jaka ta ciro nata dutsen ta saka.

Jalo mai shayi, da teburinsa ke gefe, ya leƙo.

"Oga Albert, yau da wuri haka? In cire maka dutsen, ko sai na kira yara mu ɗan taɓa ta?"

Makullin ya daina juyawa. Oga ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallon kogi kamar shi aka aiko ya gwada. Daga nan ya ɗora takardar a cinya ya sa hannu, ya ce fakin ɗin ya yi daidai da na Legas, ta zo Juma'a a ɗauki hotonta.

"Kuma Madam," ya rage murya, "ba ki ga komai ba."

"Dutsenka kawai na gani, Oga. Ya yi ƙarami."

Ta ɗauke nata daga gaban motar Hajja, ta kai ta jera kusa da nasa. Ta shiga, ta murɗa makulli, motar ta tashi. Duk da haka sai da ta bari ta ɗan gangara tukuna.