Askin Baffa

Tsoho ya shiga ɗakin ƙanensa da hantsi, ya tarar da haɓarsa ta yi jajir, duk ƙuraje. Tun da ɓarin jikin ƙanen ya shanye yake kwance, ko susa ba ya iyawa, sai ido.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aikin?"

'Yar tsohon ta leƙo. Ita ce ta ɓoye masa askarsa, wai hannunsa ya fara rawa. "Ni ce, Baba. Da reza na yi wa Baffa."

"A bushe? Kika kankare shi kamar gindin tukunya? Kuma daga ƙasa kika ja sama, ga shaida nan! Shekara hamsin ina aski, ban taɓa shiga aji ba, amma ba wanda ya taɓa tashi daga kujerata yana susa. Miƙo min askata!"

"Baba, in ka yanke shi fa?"

"Kin bar min wurin yanka ne?"

Sai da ƙurajen suka kwanta ta ba shi askar. Ya jiƙa tawul da ruwan zafi, ya lulluɓe haɓar har gashin ya yi laushi, ya shafa kumfa. Da hannun ya soma rawa, sai ya kafa gwiwar hannunsa a katifa, ya bi kwanciyar gashin, ja ɗaya ba maimaici.

"Zo ki shafa ki ji."

Ta shafa, sumul. Ta miƙo hannu za ta karɓi askar. Ya harare ta, ya naɗe abarsa, ya zura a aljihu.