Kunnen Don Eusebio

Shekara uku da aurenmu, mahaifina Don Eusebio bai taɓa miƙa wa mijina Fermín ƙoƙon shayin mate ba. In ƙoƙon na zagayawa, tsallake shi yake yi kamar babu kowa a kujerar. Laifinsa ɗaya ne: ranar da ya fara zuwa gidanmu ya bar ruwan buta ya tafasa. A garinmu El Bolsón kuwa, wanda ya ƙona ganyen mate da tafasasshen ruwa ya gama zubar da mutuncinsa. Fermín yakan yi dariya, amma na san abin yana cin ransa.

Kwatsam sai ya tsiri dafa giya a gida, wai ita za a sha ranar da Baba zai cika saba'in. Ya sayo sha'ir mai tsiro buhu ɗaya tal, ya huda kular da nake zuba ƙanƙara ya sa mata famfo, ko shawara babu. Ranar Asabar da hantsi ya ɗora tukunya a tsakar gida, yana ta cika ni da bayani: in ruwan jiƙo ya cika zafi, sha'irin ya lalace, in bai kai ba, zaƙi ba zai fito ba. Yana cikin wannan wa'azi ma'aunin zafi ya suɓuce masa, ya tarwatse a siminti.

"Nélida, na shiga uku! Zafi digiri saba'in da biyar nake nema. Da ido zan gani?"

"Tsoma yatsa mana, malamin giya," na ce.

Baba yana zaune gindin tuffa da ƙoƙonsa. Ya miƙe a hankali, ya kara kunne kusa da tukunyar.

"Kai, rage wutar nan. Kuma rufe mini baki, ina sauraro."

Muka yi tsit. Can tukunyar ta fara ɗan kuka ƙasa-ƙasa.

"Saura," in ji Baba. Jim kaɗan ya ɗaga hannu. "Yanzu. Sauke."

"Baba, ka tabbata?"

"Shekara hamsin ina jin ruwan mate, kai ne za ka tambaye ni? Mai tafasa buta!"

Fermín ya juye ruwan a kula, ya zuba sha'ir, ya gauraya, ya rufe. Awa guda muna zaune, shi sai zufa yake yi. Da ya buɗe famfo ya tara kofi, sai ya fara miƙa wa Baba. Baba ya kurɓa, ya lashe leɓe.

"Kamar zuma," ya ce. "Ruwan ne ya yi kyau."

Daga nan ya cika ƙoƙon mate. Ni ce a damansa, har na miƙa hannu. Sai ya tsallake ni, ya ba Fermín.

Mijina ya karɓa da hannu biyu, ya zuƙe shi tas, idonsa ya ciko da hawaye. Daɗi ya kama ni har na yafe masa kulata.

"Amma butata," in ji Baba, "har yanzu ban ce ka taɓa ba."